Taura biyu ba ta taunuwa, ko a ɗakin tuƙin jirgin sama

Duk malamin lakwal ya san wannan. Kana kiran sunayen ƴan aji da safe, ka kai tsakiya, sai wani ya leƙo ta taga ya ce darakta na nemanka. Ka amsa masa, ka mai da ido kan takarda, ka ci gaba. Sai da rana ka tarar ka tsallake yaro guda, alhali da an ce ka rantse ka kira shi, da ka rantse. A aji, abin bai wuce ƴar gardama da uban yaro ba. A ɗakin tuƙin jirgin sama kuwa, irin wannan tsallake guda ya ci ran mutum 154 a Madrid.

Ranar 20 ga Agusta 2008 ne. Jirgin kamfanin Spanair, ƙirar MD-82, ya fita zai tashi zuwa tsibirin Gran Canaria, sai wata na'urar auna zafi ta ba da matsala, ya koma aka duba shi. Lokaci ya ƙure, fasinjoji na zaune cikin zafi. Da aka sake fita, matuƙan biyu suna karanta jerin abubuwan da ake dubawa ɗaya bayan ɗaya. Sun zo kan ƙananan fikafikan nan da ake zarowa daga jikin babban fiffike don jirgi ya iya ɗagawa da ɗan gudu kaɗan, sai kyaftin ya ce wa mataimakinsa ya nemi izinin tafiya daga hasumiya. Aka wuce wurin. Dab da tashi, mataimakin ya faɗi lambar da ya kamata fikafikan su kasance a kai, amma ba a zaro su ba. Bakinsa ya faɗi abin da ya saba faɗi. Ƙararrawar da aka yi domin irin wannan mantuwa ba ta yi kuka ba. Jirgin ya ɗaga kaɗan ya faɗi. Cikin mutum 172, 18 ne suka rayu.

Mu da ke zaune a baya muna ɗauka matuƙi ba ya da aiki sai jirgi ya hau sama. A gaskiya, daga rufe ƙofa zuwa ƴan mintocin farko a sama, aikin tulin gaske ne. Ana lissafin nauyin jirgi da gudun da zai ɗaga da shi, ana sauraron hasumiya a rediyo ana maimaita mata umarninta, ana bin hanyoyin fili masu rassa, ana duba hadari, ana karanta jerin bincike. In aka canza musu titin tashi, sai a sake lissafi, jirgi kuma yana tafiya. Mutum biyu ne kaɗai ke ɗauke da duk wannan.

Abin da ya faru a Madrid ba shi ne farau ba. A Agustan 1987, a Ditroyit ta Amurka, wani jirgin Northwest ya tashi ba a zaro fikafikan ba, bayan an canza masa titi kuma ba a karanta jerin binciken tafiya ba. Ƴar shekara huɗu ce kaɗai ta tsira. Shekara guda bayan haka, a Dalas, matuƙan wani jirgin Delta suna jiran layi suna hira da ma'aikaciyar jirgi, suka yi mantuwa iri ɗaya, mutum 14 suka mutu. A 2006, a Lezintan ta jihar Kentaki, da asuba, matuƙa suna taɗin da bai shafi aiki ba suka hau wani gajeren titi marar fitilu maimakon dogon. Mutum 49 cikin 50 suka halaka.

Tun 1981 hukumar jiragen saman Amurka ta kafa doka a kan wannan: lokacin tafiya a ƙasa, da tashi, da sauka, da duk abin da ke ƙasa da ƙafa 10,000, wato wajen mita 3,000, ba hira, ba cin abinci, ba wani aiki sai na tuƙi. A ganina dokar nan ta fi na'urori da yawa daraja, don ta yarda da abin da mu malamai muke gani kullum: hankalin ɗan Adam ba ya rabuwa biyu, tsalle yake yi daga wannan zuwa wancan, kuma a wurin tsallen ne abu ke zubewa.

Wani zai ce ai waɗannan ƙwararru ne, sun yi dubban awoyi a sama. To, ƙwarewar ce ma ke buɗe ƙofar. Sabon malami yana bin sunaye da yatsa don tsoron kuskure. Mu da muka daɗe muna kira da ka, mu ne ke tsallakewa ba mu sani ba. Wani kuma zai ce jiragen yanzu suna da na'urorin gargaɗi. A Ditroyit, da Dalas, da Madrid, duk akwai ƙararrawar, duk kuma ta yi shiru ranar da ake bukatarta.

Kada mu ce abin na Turawa ne. A daren 5 ga Mayu 2007, jirgin Kenya Airways ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Duwala ta Kamaru bayan ya jira hadari wajen awa guda. Hankalin matuƙan na kan kauce wa hadarin. Kyaftin ya yi kiran a kunna na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya saki hannu, amma na'urar ba ta kama ba. Kusan minti guda ba mai tuƙin jirgin, yana karkata dama a hankali cikin duhu. Da suka farga, suka kasa gyara shi. Mutum 114 suka mutu cikin fadama.

Saboda haka ban yarda a tattara laifin duka a ɗora wa matuƙi a rufe magana ba. Shi ne ya manta, gaskiya ne. Amma wa ya cika masa kai? Kamfanin da ke ƙirga masa kowane minti na jinkiri yana da kaso. Mai muƙamin da ke aika a gaya wa matuƙi yana da taro yana da kaso. Mu fasinjoji ma muna da namu. In jirgi ya koma wurin tsayawa a filin Diori Hamani na Yamai don a duba wani abu, tsaki da ƙorafi muke yi, alhali wanda ya koma ɗin rayukanmu yake tsarewa. Sauri ya haifi nawa, a nan kuma nawar ba ta da magani. Ajali gaskiya ne, amma bai taɓa zama hujjar sakaci ba.

Yawancin masu karanta wannan ba za su taɓa shiga ɗakin tuƙin jirgi ba, amma kusan kowa ya taɓa zama kusa da direba a hanyar Maraɗi zuwa Yamai, ko bayan ɗan kabu-kabu a cikin gari. Direban da ke fita daga tasha yana amsa salula, yana ƙirga kuɗi, yana gardama da yaron mota, shi ma a lokacin tashinsa yake. Mu da ke gidan gaba mukan ƙara masa da labarin siyasa. In matuƙin da ya yi shekaru yana horo an hana shi hira a irin wannan lokaci, ban ga abin da ya sa muke ganin direbanmu ya fi ƙarfin mantuwa ba.

Ni dai na ɗauki darasi ɗaya na kai aji. In aka katse ni ina kiran suna, ba na ci gaba daga inda nake zaton na tsaya. Komawa nake daga farko. Yara kan yi dariya, minti biyu kan tafi, amma ba a sake barin kowa a baya ba.