Tsare-tsare a Accra, Guduma a Suame: Me Ya Sa Ba Sa Haɗuwa?

Duk wanda ya shiga Suame Magazine da ke Kumasi da sassafe zai tarar da ƙarar guduma da tartsatsin walda. A nan ne dubban makanikai, maƙera da masu sayar da sifeya ke neman abincinsu, kuma da yawa daga cikin yaran Zongo a nan suke koyon sana'a. Wurin ya samo asali tun shekarun 1930, kuma yana cikin manyan cibiyoyin sana'ar ƙarfe a Afirka.

A rubuce, gwamnatocin Ghana sun daɗe suna cewa masana'antu ne mafita. A 2017 gwamnatin Akufo-Addo ta ƙaddamar da shirin kafa masana'anta a kowace gunduma. A 2019 aka fito da manufar haɗa motoci a cikin gida, tare da sassaucin haraji ga kamfanoni. Volkswagen ya fara haɗa motoci a Accra a 2020, Toyota kuma a Tema a 2021.

Sai dai tambayar ita ce: me maƙerin Suame ya samu? Kamfanonin na shigo da sassan motar ne daga waje su ɗaura, shi kuwa yana nan da tsohon injinsa. Sabuwar mota kwamfuta ke gano ciwonta, alhali yawancin masu koyon aiki a wajen maigida suka koya, da ido da kunne.

Sannan ga tsadar jari. A Disamban 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, bayan darajar sidi ta zube a cikin shekarar. A 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da bai wa ƙasar bashin dala biliyan 3, Babban Bankin Ghana kuma ya kai kuɗin ruwa kashi 30. Masana sun ce matakin ya zama dole don a saita tattalin arziki. Amma mai garejin da ba shi da takardar fili, da me zai yi jingina, balle ya biya irin wannan ruwa?

Abin da ya taɓa aiki a Suame ba shi da wani kwarmato. A 1980 jami'ar KNUST ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a tsakiyar Magazine ɗin, malamai suka sauko suka yi aiki da maƙera, aka koyi sarrafa injuna da narka ƙarfe.

Yanzu gwamnatin Mahama na maganar tattalin arzikin da zai riƙa aiki awa 24. Ma'auninsa a Suame a bayyane yake: wutar lantarki da ba ta yankewa, bashi mai sauƙi, da horo kan motocin zamani. Ya kamata ɗalibanmu da limamanmu su riƙa tambayar wakilansu waɗannan abubuwa uku, domin alƙawari kaya ne a wuyan wanda ya ɗauka. Allah Ya sa mu dace.