Shin ya dace a biya kuɗin aron littafin intanet?

Yayin da karatu ke komawa kan wayar salula, ɗakunan karatu na gwamnati na fuskantar tambayar ko su riƙa cajin masu aron littattafan intanet.

Batun ya shafi mazauna Kakuri da Makera da Barnawa a kudancin kogin Kaduna, waɗanda sai sun tsallaka gada kafin su isa babban ɗakin karatu na jiha da ke titin Bida.

Ga irin waɗannan unguwanni, inda rufe masaƙar KTL a 2002 ya raba dubban ma'aikata da abincinsu, aro ta waya zai rage wa ɗalibi kuɗin mota.

To sai dai littafin intanet ba kamar na takarda ba ne, domin lasisi ɗakin karatu ke saya, ba littafin kansa ba.

A shekarar 2011 kamfanin HarperCollins na Amurka ya ƙayyade cewa lasisinsa zai ƙare bayan aro 26, daga nan sai an sake biya.

Wannan ce hujjar masu goyon bayan cajin, waɗanda ke ganin ɗakin karatun da ke fama da ƙarancin kuɗi ba zai iya ɗaukar nauyin shi kaɗai ba.

Haka kuma marubutan Hausa da dama na sayar da labaransu ta WhatsApp, abin da ke nuna akwai masu karatun da suka saba biya.

Amma masu adawa na kafa hujja da ƙudurin UNESCO kan ɗakunan karatu, wanda aka sabunta a 2022, da ke jaddada cewa asalin hidimar kyauta ce.

Ga shi kuma mai aro ya riga ya sayi waya da data, wadda hukumar NCC ta amince a ƙara farashinta da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Ƙarin wani caji zai fi korar marasa hali, alhali dominsu aka kafa ɗakunan karatun tun farko.

Wata mafita ita ce jihohi su haɗa kuɗi su sayi lasisi tare, su kuma kulla yarjejeniya kai tsaye da marubutan gida.

Hakan kuwa ya dogara ne ga abin da gwamnati ta ware wa ɗakunan karatu a kasafin kuɗinta.