Wanda ya ci kwas a Rano, don me zai sake zama a kansa a Wudil?

Duk shekara, da zarar JAMB ta fara sayar da fom ɗin DE, wato na masu shiga jami'a da wata takarda a hannu, tambaya ɗaya ce take yawo a guruf-guruf ɗin ɗalibai na WhatsApp da Facebook: "Don Allah ina da ND, aji nawa za a sa ni?" Amsar ba ta canzawa, aji biyu. Mai NCE ya tambaya, a ce aji biyu. Mai IJMB ya tambaya, shi ma aji biyu. Sai a bi da sitika ta dariya, a wuce wata hirar. Mu a wannan fili muna ganin abin ya wuce na dariya, domin shekarun rayuwar mutane ne suke zubewa a cikin wannan amsar.

Mu ɗauki yaro daga Saya-Saya a ƙaramar hukumar Kibiya, ko daga Rurum a ƙasar Rano. Ya gama sakandare, gidansu ba su da halin kama masa ɗaki a birni, sai ya shiga reshen Kano Poly da ke Rano, makarantar nan ta fasahar karkara da koyar da sana'o'i. Kusa da gida ne, da damina yana iya leƙa gona. Ya yi semesta huɗu, ya fito da ND mai kyau. Yanzu yana son digiri a Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil ko a Northwest. Duk makarantun nan uku na gwamnatin Jihar Kano ne, baitulmali ɗaya ke ɗauke da su. Amma ranar da ya miƙa takardunsa, shekara biyun da ya yi za a lissafa masa ita a matsayin shekara ɗaya.

Ga yadda lissafin yake. A ƙa'idar hukumar jami'o'i ta NUC, digirin shekara huɗu yana buƙatar aƙalla kiredit 120 ga wanda ya shigo ta jarrabawar JAMB, da 90 ga wanda ya shigo ta DE. Kiredit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas, gwargwadon awannin lakcarsa a mako. Ka ga ke nan duk abin da ɗan DE ya karanto a baya, farashinsa 30 ne, na aji ɗaya. Wanda ya yi IJMB na kusan shekara guda a CAS ko a Tudun Wada, 30. Mai ND na shekara biyu, 30. Wadda ta yi shekara uku tana NCE a Sa'adatu Rimi ta Kumbotso, har da fita koyarwa, ita ma 30. Kuɗin goro aka yi musu. Ba wanda ya buɗe takardar sakamakon ya duba kwas-kwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan ka riga ka yi shi, wancan kuma da saura. Mai HND, wanda ya yi shekara biyu, ya yi shekarar sanin makamar aiki, ya ƙara biyu, in ya taki sa'a a sa shi aji uku, wani wurin ma biyun ne.

Wannan fa ga waɗanda suka gama ke nan. Akwai wanda ya yi shekara ɗaya a foliteknik, mahaifinsa ya rasu, ya ajiye karatun ya kama tuƙin adaidaita. Akwai wadda ta yi shekara biyu a NCE, aka ɗaura mata aure, miji ya tafi da ita Zariya ko Katsina. Idan Allah Ya kawo hali suka so ci gaba a wata makaranta, galibi ba abin da za su ɗauko daga waccan. Kwas ɗin da suka kwana suna karantawa da fitilar waya, suka ci shi da A, ya zama aikin baban giwa. Ko tsakanin jami'a da jami'a, inda ake da tsarin sauya sheƙa, abin a hannun majalisar malaman jami'ar da za ka koma yake: sai da gurbi, sai makinka ya kai, kuma ba mamaki a mayar da kai baya da aji guda.

Wani zai ce, to mene ne a shekara ɗaya? Tambayi mai biya. Kuɗin rijista ne, da haya, da abinci, da kuɗin motar Rano zuwa Kano, da takardun da ake kwafa. A gidan manomi wannan buhunan masara ne da aka tanada don cin gida, ko akuyar Inna. Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND, amma bashi bashi ne, shekarar maimaici ƙarin abin biya ce. Sannan ga agogo yana tafiya. Yaran karkara da yawa ba sa fara makaranta da wuri, kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Kowa kuma ya san tallan aikin da ke zuwa da iyakar shekaru. Ƙara da yajin aiki, irin na ASUU na 2022 da ya ci wata takwas, sai ka ga digiri ya zama tafiyar da ba a san ranar dawowa ba.

Daga ina matsalar ta samo asali? Manyan makarantun Najeriya gida uku ne, kowanne da mai gidansa. NUC ke kula da jami'o'i, NBTE ke kula da foliteknik, NCCE ke kula da kwalejojin ilimi. Kowace tana tsara manhajarta, tana tantance makarantunta, kuma ba wata gada tsayayya da ta haɗa kwas ɗin wannan da na wancan. Mun ga yadda abin yake a 2023, lokacin da NBTE ta sanar da shirin ƙarin karatu na shekara ɗaya don mai HND ya samu digiri, NUC ta fito ta ce ba da yawunta ba. Manya suna ja-in-ja a sama, ɗalibi ne a ƙasa yake biyan kuɗin.

Mu yi wa malaman jami'a adalci, suna da hujja. Karatun foliteknik ya fi karkata ga aikin hannu, na jami'a ya fi zurfafa a nazari, kuma kwas biyu za su iya yin suna ɗaya amma cikinsu ya bambanta. Akwai kuma makarantun da takardarsu ba ta nuna abin da ke kan mai ita. Jami'a tana da haƙƙin kare darajar digirinta, ba ma jayayya. Sai dai wannan hujjar cewa take yi a auna. Idan lissafin ND bai kai na jami'a ba, a sa yaro ya ƙaro lissafin. Me ya haɗa wannan da sake zaunar da shi a kwas ɗin koyon sana'a ko na kwamfuta da ya riga ya ci, wataƙila ma ya fi 'yan ajin iya shi a aikace?

Kuma aunawar ba gagara ta yi ba. A watan Disamba na 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, wadda ta ce kashi 70 cikin 100 na abin da ake koyarwa a kowane fanni ya zama iri ɗaya a duk jami'o'in ƙasar, kashi 30 kowace ta tsara nata. To in haka ne, wanda ya ci kwas daga cikin kashi 70 ɗin a Wudil, wane dalili zai sa ya maimaita shi a Northwest ko BUK? Sannan ku tuna 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka kwaso ɗalibanmu, cikinsu har da 'yan Kano da dama. JAMB ta fitar da ƙa'idar yadda jami'o'in gida za su karɓe su bisa sakamakon da suka zo da shi. Idan za a iya duba abin da aka karanta a Khartoum a ba shi matsayi, abin da aka karanta a Rano bai kamata ya gagara ba.

Wasu ƙasashen sun daɗe da wuce nan. Turai tana da ma'auni ɗaya, ECTS, da aka fara a 1989, inda shekarar karatu take daidai da kiredit 60, ɗalibi ya ɗauki abinsa daga Faransa ya kai Jamus. A Amurka, jihar Kalifoniya ta yi doka a 2010: wanda ya gama wata difloma ta musamman ta shekara biyu a ƙananan kwalejojin jihar yana da tabbacin gurbi a aji uku a rukunin jami'o'in jihar na CSU. Abin lura a nan, jiha ce ta haɗa makarantunta da kanta.

Shi ya sa kiranmu ya fara daga gida. Kano ba za ta iya canza ƙa'idar NUC ko JAMB ita kaɗai ba, amma akwai abin da ke hannunta. Na farko, ma'aikatar ilimi mai zurfi ta zaunar da malaman Kano Poly da Sa'adatu Rimi da Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta da jami'o'in jihar biyu, fanni-fanni, su fitar da jadawalin da ke cewa kwas kaza a nan daidai yake da kwas kaza a can, a sa shi a intanet kowa ya gani kafin ya sayi fom. Na biyu, inda aka ga giɓi, a cike shi da ɗan gajeren kwas a dogon hutu, maimakon a ci wa mutum shekara. Na uku, takardar sakamako ta riƙa tafiya tsakanin makarantun jihar ta kwamfuta, cikin kwanaki sanannu, ba sai ɗalibi ya yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi ba. Na huɗu, wanda larura ta katse masa karatu a ajiye masa abin da ya ci na wasu shekaru, ya dawo ya ɗora. Abin da ya fi ƙarfin jiha kuma, 'yan majalisar tarayya, har da mai wakiltar Rano da Bunkure da Kibiya, su kai shi Abuja.

Ku kuma 'yan uwa matasa, kafin a gyara, ku kare kanku. Kafin ka shiga ND ko NCE, duba ƙasidar JAMB ka ga wace jami'a ce ke karɓar wannan fannin a DE, kuma da wane matakin sakamako. Kar ka bari sai ka gama ka ji ana cewa ba ya shiga. Ajiye fom ɗin rijistar kwas da sakamakon kowace semesta, ka ɗauke su a hoto ka tura wa kanka ta imel, domin waya tana ɓata. Idan dole ta sa za ki dakata da karatu, rubuta takardar neman jinkiri a hukumance, kar ki ɓace kawai. Sannan datar da muke ƙonawa wajen faɗan siyasa, a rage kaɗan a yi wannan tambayar. Duk ɗan takarar da ya zo Rano ko Kibiya ya ce zai saya wa matasa fom ɗin JAMB, a gode masa, sannan a tambaye shi: ranka ya daɗe, shekara biyun da muka riga muka yi fa, wa zai lissafa mana ita?