Kundin Digirin Farko da Gaɓar Tafkin Kainji: Damar Bincike da Sassan Hausa Ke Sakaci da Ita

Gabatarwa

A tsarin jami'o'in Nijeriya, ɗalibin Hausa yakan sami damar gudanar da bincike na ƙashin kansa sau ɗaya tak kafin ya kammala digirin farko, wato kundin da yake rubutawa a shekarar ƙarshe. Duk wanda ya leƙa ɗakunan ajiyar kundaye na sassan koyar da harsunan Nijeriya zai tarar da batutuwa iri ɗaya suna ta maimaituwa: jigo da salo a waƙoƙin wani makaɗi, ko al'adun aure a wani gari da aka sha rubutu a kansa. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa ya kamata sassan Hausa su mayar da kundin ya zama aikin fage mai tsari, kuma ƙasar Yauri, wato ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a jihar Kebbi, ita ce ta fi cancanta a fara da ita, domin akwai ilimin da ke shirin salwanta a can.

Abin da Ke Ƙasar Yauri

An gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968. Da ruwa ya taru, ya cinye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyukan bakin kogin Kwara masu yawa, aka sake wa mutane fiye da dubu 40 matsuguni. Gungawa, waɗanda sunansu ma daga kalmar "gungu" ya samo asali, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin tsibiran da suke noma da kamun kifi a kansu ne suka nutse. Wanda yake da shekara 15 a 1968 ya haura 70 a yau. Nan da ɗan lokaci za a rasa wanda zai iya lissafa sunayen gungunan nan, ko ya rera waƙoƙin da ake yi a kansu, ko ya bayyana yadda aka ji da tashin.

Ta fuskar harshe kuwa, yankin mahaɗa ce. Akwai Reshe, harshen Gungawa, da harsunan Kambari, da Lopa da Laru, waɗanda masana suka sanya a rukunin da suka raɗa wa sunan Kainji. Akwai kuma Shanga, ɗan uwan Kyanga da Busa a dangin Mande, wanda yawancin masu shi suka koma Hausa. Manazarcin Hausa yana da aiki a nan: wane irin karin Hausa ne ya samu a bakin waɗanda suka bar harshen iyayensu, kuma waɗanne kalmomi suka shigo da su? Haka nan sana'ar su a hannun Sarkawa tana ɗauke da tarin kalmomi da kirari da camfe-camfe, tun daga sunayen kayan aiki irin su birgi da taru da mamari da homa, har zuwa wasannin ruwa na bikin Rigata.

An yi rubuce-rubuce a kan yankin. P. G. Harris ya wallafa bayanai a kan Yauri a 1930. Mahdi Adamu, ɗan asalin Ngaski, ya rubuta kundin digirinsa na biyu a kan Yauri ta ƙarni na 19 a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968, shekara goma kafin fitowar shahararren littafinsa kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma. Frank Salamone ya nazarci yadda Gungawa ke rikiɗewa su zama Hausawa a shekarun 1970. Fitattun ayyukan nan duk da Turanci aka yi su, kuma sun kai shekara hamsin ko kusa da haka. Darasin da ke cikin tarihin Mahdi Adamu shi ne, kundin ɗalibi a kan mahaifarsa yana iya zama harsashin babban aiki.

Yadda Za a Tsara Aikin

Da farko, sashe ya ɗauki yankin a matsayin farfajiyar bincike ta shekara biyar, a raba shi gida-gida. Ɗalibi ɗaya ya ɗauki kalmomin su a Yelwa, wani ya ɗauki labaran tashi daga tsibirai a wani sabon matsuguni, wani kuma Hausar kasuwar Warra. Ta haka kundaye ashirin za su haɗu su ba da hoto guda.

Na biyu, a fara horar da ɗalibi tun yana aji uku kan dabarun hira da ɗaukar murya da rubuta abin da aka ɗauka daidai yadda aka furta, tare da neman izinin mai ba da bayani. Wayar hannu ta wadatar wajen ɗaukar murya. Horon ne ke da ƙaranci.

Na uku, sashe ya wajabta miƙa muryoyin da aka ɗauka tare da kundin, a adana su da sunan gari da kwanan wata, a kuma aika kwafi zuwa fadar Yauri. Sarkin Yauri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, don haka ba baƙo ba ne ga irin wannan aiki.

Na huɗu shi ne kuɗi. Tallafin bincike na TETFund malamai yake shafa, amma babu abin da zai hana malami ya sanya ɗalibansa cikin aikinsa a matsayin mataimaka. Cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke Sabuwar Bussa, wadda ta samo asali daga shirin nazarin tafkin na 1968, da hukumar HYPPADEC mai kula da al'ummomin da madatsun wutar lantarki suka shafa, wurare ne da ya dace jami'o'i su nemi haɗin gwiwa da su. Shigar da ɗaliban digirin farko cikin binciken malamansu tsohon tsari ne a duniya, domin jami'ar MIT ta Amurka ta fara shi tun 1969.

Ƙorafe-ƙorafen da Za a Iya Yi

Wasu za su ce ɗalibin digirin farko bai ƙware ba. Gaskiya ne ba a sa ran ya fito da sabon ra'i. Abin da ake buƙata daga gare shi shi ne tattara bayani na gaskiya, kuma a nan ɗan Shanga ko Ngaski da ke karatu a Sakkwato ko Birnin Kebbi ya fi baƙon farfesa dama, domin kakarsa za ta gaya masa abin da ba za ta gaya wa baƙo ba. Hausawa sun ce sai da ɗan gari akan ci gari.

Wasu kuma za su kawo batun tsaro, kuma wannan ƙorafi ne mai nauyi. A Yunin 2021 aka sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, kimanin mako uku bayan kifewar jirgin ruwa kusa da Warra da ya ci rayuka masu yawa. Ba daidai ba ne a tura ɗalibi inda rayuwarsa ke cikin haɗari saboda maki. Mafita ita ce a dogara ga 'yan asalin yankin lokacin hutu, a taƙaita aikin a garuruwan da hukumomi da masarauta suka amince da su, a kuma yi hira da waɗanda suka yi ƙaura zuwa Yelwa.

Akwai kuma masu ganin cewa Reshe da Shanga ba hurumin sashen Hausa ba ne. Amma da yawa daga cikin sassan nan sunansu sashen harsunan Nijeriya. Ƙari a kan haka, Hausa ce ke maye gurbin waɗannan harsuna, don haka manazartanta suna da alhakin rubuta yadda abin ke faruwa, musamman a wannan zango na 2022 zuwa 2032 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa harsunan asali.

Kammalawa

Aikin ba ya buƙatar sabuwar manhaja ko amincewar hukumar jami'o'i, domin kundin yana cikin tsarin karatu tun tuni. Kwamitin raba batutuwa na kowane sashe yana iya farawa a zangon karatu mai zuwa da ɗalibai biyar 'yan ƙasar Yauri da malami ɗaya mai duba su. Hirar farko kuwa ta kasance da dattawan da suka zauna a gungunan kafin 1968, tun suna raye.