Kafin Mu Sauke Inji, Mu Fara Gano Ciwon

Rubutunmu na wannan mako ya shafi duk wanda abincinsa ke bisa tayar tsohuwar mota mai shan gas, ko J5 ce, ko Kanta, ko tsohuwar Hilux. Ya kuma shafi manomin da ba shi da mota amma masararsa ba ta isa kasuwar Dandume ko Bakori sai a bayan ɗaya daga cikinsu.

A kakar bara, J5 ɗin wani ɗan uwanmu ta fara wani hali a hanyar Funtua zuwa Malumfashi. Idan babu kaya lafiya lau take tafiya. Da an ɗora mata buhuna aka taka ta, sai ta fara shaƙewa, ƙarfi ya tafi, wani lokaci ta mutu gaba ɗaya. Garejin farko aka ce nozul ne, aka saya aka sa. Kwana biyu ciwo ya dawo. Gareji na biyu aka ce famfon injekta ne, aka kwance aka kai Kano, mota ta yi mako guda a ajiye ana tsakiyar kaka. Aka dawo da famfo aka ɗaura, babu abin da ya canza. Ana shirin sauke inji ne wani dattijon bakanike ya ce a dakata. Ya sa aka kawo galan mai tsabta da lita biyu ta gas, ya zura tiyo daga galan kai tsaye zuwa filta, ya ce a loda kaya a taka. Mota ta tafi kamar ba ita ba. Ashe wani guntun tiyo ne kusa da tanki ya tsage yana jan iska, ga kuma dauɗa ta toshe ragar cikin tanki. Abin da ya gyara motar bai kai kuɗin buhu ɗaya ba, amma kafin a kai gare shi kuɗin buhuna da yawa sun tafi.

Mun san da yawanmu za su ce laifin makanikai ne. Mu dai a ganinmu laifin namu ne gaba ɗaya, kuma mu masu motoci mu ne da kaso mafi girma. Mun saba biyan bakanike ne idan mun ga ya kwance ƙarfe ya ɗaura wani. Idan ya yi awa biyu yana saurare, yana gwaji, ya gano tiyon naira kaɗan, sai mu miƙa masa kuɗin shan ruwa mu ce ai bai yi komai ba. Wanda kuwa ya sauke inji, shi muke ƙirga wa kuɗi mai kauri har da godiya. To wane bakanike ne zai ɓata lokacinsa yana bincike? Mu muka koya musu canke, sannan muka dawo muna kuka da shi.

Alhali injin gas irin na da ba shi da wani sirri mai yawa. Ba shi da fulogi mai ba da wuta kamar na fetur. Fistin ne ke matse iska har ta koma kusan kashi ɗaya cikin ashirin na girmanta, ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sai nozul ya fesa gas a ciki ya kama da kansa. Don haka abu uku kawai yake nema: iska mai tsabta, gas mai tsabta da ya zo a kan lokaci, da matsi mai ƙarfi a cikin silinda. Kusan duk ciwon da zai sa ya ƙi tashi ko ya rasa ƙarfi yana cikin ukun nan. Ƙa'idar ita ce a fara daga mai araha, a ƙare da mai tsada.

Farkon mai ba da labari shi ne hayaƙin salansa. Baƙin hayaƙi na nufin gas ya fi iska yawa. Kafin a zargi famfo, a buɗe filtar iska. A yankinmu da ƙurar hunturu da ƙaiƙayin masussuka da burbushin auduga ke yawo, filtar iska ba ta daɗewa take toshewa. Idan ita lafiya take, sai a koma kan nozul mai ɗiga maimakon fesawa, ko famfon da wani ya ƙara wa mai don motar ta ja kayan da suka fi ƙarfinta. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, daga ringi, ko robobin bawul, ko kuma an cika man ya wuce ƙima. Farin hayaƙi kuwa iri biyu ne. Wanda ke yaji a ido yana warin gas, man ne bai ƙone ba. Wanda ke watsewa da sauri kamar tururi, ruwan lagireto kuma na raguwa kullum, wannan gaskit ake tuhuma. A tabbatar: idan inji ya huce a buɗe murfin lagireto, a tayar, a ga ko kumfa na tasowa, a kuma zaro sandar gwajin mai a ga ko ya koma kalar shayi da madara.

Idan inji na rawa kamar silinda ɗaya ba ta aiki, ba sai an sayi nozul huɗu ba. Yana kunne a silo, bakanike ya sassauta notin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka sassauta sautin inji ya faɗi, wannan silindar tana aiki. Wanda aka sassauta babu abin da ya canza, nan ciwon yake. Sai a musanya nozul ɗin da na maƙwabciyarta. Idan ciwon ya bi nozul, an kama ɓarawo. Idan ya tsaya a silindar, sai a auna matsi. Amma a kiyaye, kada a kai hannu kusa da feshin, domin yana iya huda fata, kuma wannan gwaji na tsofaffin injina ne masu famfon ƙarfe. Na zamani masu kwamfuta ƙarfin mansu ya ninka haka sau da yawa, ba a yi musu wannan wasa.

Sai matsalar asubahin hunturu, lokacin da mota ke ƙin tashi. Yawanci hita ce ta mutu ko batir ya yi sanyi, kuma gwada hita ɗaya-ɗaya aikin 'yan mintuna ne. Amma me muke yi? Sai yaron mota ya jiƙa tsumma da fetur ya kara a bakin iska, wani ma maganin sauro yake fesawa. Motar za ta tashi da ƙara kamar ana dukan ƙarfe, mu ce Alhamdu lillahi. Wannan ƙarar wuta ce ke kamawa tun fistin bai iso sama ba, tana dukan ringi da metal. Wata rana sai mu ce inji ya buga haka kawai.

Haka muke yi wa zafi. Da allura ta hau, sai a cire tamostat a jefar, a ce ai don ƙasar Turawa aka yi shi. Ba a tambayi dalilin zafin ba. Sau da yawa ƙaiƙayi ne ya toshe fuskar lagireto, ko ruwan rijiya da muke ɗurawa ya bar tsatsa da ƙasa a ciki, ko fanbel ya saki, ko murfin lagireto ya daina riƙewa. Injin da aka cire wa tamostat yana daɗewa bai ɗauki zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya kuma fi saurin cinyewa.

Kada mu manta da abin da muke zuba wa tanki. Tun da farashin gas ya tashi a 2022, har lita ta haura naira 1,000 a 2023, da yawanmu muka koma wurin 'yan bumburutu muna neman sauƙi. Ba duka ne ke algus ba, amma gas ɗin da aka haɗa da kalanzir ko ya sha ruwa a tsohon duro guba ne. Ƙaramin famfon injekta irin na J5, gas ɗin da ke bi ta cikinsa shi ne man da ke sa ƙarafansa santsi. Kalanzir ba shi da wannan santsin, ruwa kuma tsatsa yake kawowa. Gwajin ruwa ba ya cin ko sisi: a zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye, ruwan zai kwanta a ƙasa.

Wani zai ce, ai motocin nan sun tsufa, wani injin dole a sauke shi. Gaskiya ne. Peugeot ta fara ƙera J5 a 1981, ta daina tun farkon shekarun 1990, ke nan autarsu ma ta haura shekara talatin. Ba mu ce kada a sauke inji ba. Cewa muka yi a sauke shi da hujja. A buɗe murfin baƙin mai inji na aiki a ga ko yana huci da ƙarfi, a sa ma'aunin matsi a kowace silinda a ga lamba. Ko a asibiti, mai hankali ba ya yarda a yi masa tiyata ba a yi gwaji ba.

Wani kuma zai ce direba ba shi da lokacin wannan dogon bincike, kaya na jira. To ai binciken bai kai yini ba, canke kuwa mun ga ya ci mako. Kuma mu da ke bin hanyar Sheme da Faskari da Ƙanƙara mun san mutuwar mota a daji bayan la'asar ba asarar kuɗi kaɗai ba ce a wannan zamani. Rai ne a ciki, na direba da na yaron mota da na fasinja.

Shawararmu uku ce. Mu masu motoci mu ware kuɗin bincike daban da kuɗin gyara, mu biya da daɗin rai ko da tiyo kawai aka gano. Makanikanmu, musamman iyayen gidan gareji, su koya wa yara saurare da gwaji kafin riƙe sifana, kuma duk abin da aka cire a nuna wa mai mota inda ya lalace. Shugabannin ƙungiyoyin makanikai da na NURTW a Funtua da Malumfashi kuma su duba yiwuwar haɗa kuɗi a sayi ma'aunin matsi da na'urar gwada nozul, a ajiye inda kowane gareji zai iya ara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun masara ba ta bushe ba, a canza filtoci, a wanke tanki da lagireto, a gwada hita da batir. Makanikai da direbobin da ke cikinmu, inda muka yi kuskure ku gyara mana, mun san kun fi mu sanin ƙarfe. Allah ya tsare hanya, ya sa mu ga kaka lafiya.