Jama'ar Shagari da Boɗinga, Mu Toshe Tsagar Bangonmu



A daren 25 ga Disamba 2025 mutanen Jabo, nan maƙwabtanmu a ƙaramar hukumar Tambuwal, suka ji ƙara mai firgitarwa, gari ya waye suka tarar da ɓaraguzan makami a gona. Amurka ce ta kawo hari jihar Sakkwato, bayan shugabanta Donald Trump ya yi makonni yana cewa ana yi wa Kiristoci kisan gilla a Najeriya. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ɗauka duk mai rawani a ƙasar nan makashi ne. Ba a gaya masa cewa mutum fiye da 40 da 'yan bindiga suka kashe a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 da liman da sahu aka sallace su ba. Ba a gaya masa su wa ke kwana a daji a Isa da Sabon Birni ba.

Wannan kallon ba a ƙetare kawai yake ba. Tambayi yaronka da ya dawo ci-rani daga kudu, mai acaba ko mai sayar da albasa, sau nawa aka kira shi Boko Haram don kawai ya shimfiɗa buzu a bakin titi. A Maris 2025 aka tare mafarauta 16 'yan Kano a Uromi ta jihar Edo, aka ƙone su. A Agustan 2021 aka kashe matafiya fiye da 20 a hanyar Rukuba ta Jos, suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi. Zalunci ne, kuma za mu ci gaba da kiransa da sunansa a gaban kowa.

Amma jama'a, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Mayun 2022, a Kwalejin Ilimi da ke ɗauke da sunan Shehu Shagari, taron matasa ya kashe wata ɗaliba bisa zargin ɓatanci, ba alƙali, ba shaidu, ba shari'a. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya yi tir da abin. Shekara guda bayan haka, a Yunin 2023, aka yi wa wani mahauci haka a mayankar Sakkwato, shi kuwa Musulmi ne mai salla. Hotunan sun zaga duniya cikin sa'o'i. Da hannunmu muka miƙa wa masu ƙinmu hujjar da suka daɗe suna nema.

Ina tushen abin yake? Ɗan garin nan ya gan shi da idonsa. Alhaji Shehu Shagari yana da shekara guda da 'yan watanni a kan mulki, a Disamban 1980, rikicin Maitatsine ya ɓarke a unguwar 'Yan Awaki ta Kano. Sai da ya tura soja, kuma mutum fiye da 4,000 suka mutu. Su wa Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, ya tara? Gardawa da 'yan ci-rani, yaran ƙauye da suka shigo birni a zamanin kuɗin fetur, suna ganin manyan motoci na wucewa su kuwa ko na koko babu. Ya ba su abinci da wurin kwana, ya ce musu duk wanda ba ya tare da su kafiri ne. Marwa ya mutu a rikicin, amma wutar ta sake tashi a Bulumkutu a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985. An kashe macijin, an bar ramin. Da Muhammad Yusuf na Boko Haram ya fito a Maiduguri, irin waɗannan yara ya tarar suna jira: yunwa a ciki, guntun karatu a kai, fushi a zuciya. Wa suka fi kashewa kuwa? Mu. A Nuwamban 2014 fiye da mutum 100 suka mutu a babban masallacin Juma'a na Kano.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda irin waɗannan mutane ke fakewa da sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, alhali mu ne muke zaune a kan sawunsa. Shehu ya yi shekaru a Sifawa yana karantarwa da rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana nan Boɗinga. Shekara 30 Shehu ya yi yana wa'azi da baki da alƙalami kafin hijirar Gudu ta 1804. A zamaninsa an yi wasu ɗalibai masu kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin tauhidi irin na littafi ba, kuma Shehu ya yi ta rubuce-rubuce yana yi musu raddi, yana kare imanin manomi da makiyayi. Shi Malam Abdullahi, da ya ga son duniya ya shiga cikin mayaƙa, barin rundunar ya yi ya nufi gabas, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake mulki da adalci. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Wannan ne gadonmu. Wanda ya karanta baƙi biyu a waya ya fara rabon wuta da aljanna ba almajirinsu ba ne.

Yau ga Lakurawa a Tangaza da Gudu, Gudun hijirar Shehu. Ba da ƙarfi suka fara shigowa ba. Ɓarayin daji sun addabi jama'a, hukuma ta yi nisa, aka karɓe su a matsayin masu taimako. Daga baya suka koma karɓar shanu da sunan zakka, suna yi wa samari bulala, suna jan marasa aikin yi da kuɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kada wani a Kajiji ko Danchadi ya ce ai can nesa ne.

Don haka nake roƙo. Allah ya gafarta malam, idan ka hau mumbari ranar Juma'a, ka gaya wa samari ƙarara cewa hukunci na alƙali ne, kuma jinin maƙwabci, Musulmi ko Kirista, haramun ne a kan taron jama'a. Kwamitin masallaci, duk baƙon mai wa'azi ku tambaye shi a gaban wa ya yi karatu, wa ya ba shi izini. Ranku ya daɗe hakimai da dagatai, baƙon da ya zo da bindiga yana cewa zai kare mu, a kai maganarsa gaba tun bai kwana biyu ba. Shugabannin ƙananan hukumominmu, ga madatsar ruwa a Shagari. Saurayin da ke da fili da injin ban-ruwa da rani ba ya da lokacin sauraron mai raba kuɗi a daji.

Ku kuma iyaye, maganar ta fi ƙarfi a kanku. Kada ka ɗora yaro ɗan shekara bakwai a mota da allo da kwano ka ce Allah ya ciyar da shi. In zai yi karatun allo, ya yi a inda za ka gan shi, ka haɗa masa da boko da sana'a, ita ma 'yarka haka. Samari masu waya, idan aka zagi addininku ku mayar da martani da ilimi da hujja, kada ku tura saƙon da ba ku san tushensa ba.

Baba, yau da daddare bayan isha, kira ɗanka ka zaunar da shi. Tambaye shi wa'azin wa yake saurare a wayarsa, ka ce ya kunna maka ku ji tare.