Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato Kan Matasan Gandi

Mai Girma Gwamna,

Wannan wasiƙa tana jan hankalin gwamnati ne zuwa ga matasan garin Gandi da ke Ƙaramar Hukumar Rabah. Tun bayan harin da 'yan bindiga suka kai ƙauyen Tabanni a watan Yulin 2018, Gandi ta zama mafakar 'yan gudun hijira, kuma yaran da suka iso a goye ko a ƙafa sun girma nesa da gonakin iyayensu, da yawansu ba karatu ba sana'a.

Rabon hatsi yana kashe yunwa, amma ba ya warkar da firgici, wato raunin da tashin hankali ke bari a ƙwaƙwalwa, wanda kan tura matashi ga shan ƙwaya. Asibitin masu taɓin hankali na Tarayya yana Kware, tafiyar da talaka ba ya iya ɗaukar nauyinta a kai a kai. Saboda haka ana roƙon Mai Girma Gwamna ya sa a horar da ma'aikatan lafiya na Gandi kan wannan fanni, sannan a ware wa matasan gurbi a noman rani na Wurno da madatsar ruwa ta Goronyo.